Mai ciki da farar ƙasa: kwaɗayi ne ko ƙarancin jini?

Akwai wani abu da kusan kowace ƙungiya ta sani amma ba a cika tayar da shi a wurin zubi ba. Mace ta samu ciki, sai ta fara ɓoye ƙullin farar ƙasa a bakin zane. Wata ƙasar bango take ɓantara, wata gawayi, wata ɗanyar shinkafa, wata kuma ƙanƙara take tauna tun safe har dare ko da lokacin ɗari ne. In aka yi magana sai tsofaffi su ce, "Ku ƙyale ta, ɗan cikin ne ke so." Wasu su ce jikinta ne ke neman abin da ya rasa. Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma tana bukatar a tankaɗe ta, don akwai kwaɗayin da ba ya nufin komai, akwai kuma wanda ya kamata ya kai mace likita a satin nan.

Yunwa daban, kwaɗayi daban

Mai jin yunwa in ta samu tuwon hatsi ko hura, magana ta ƙare. Mai kwaɗayi kuwa suna take kira: kilishi, tsire, ƙosai mai zafi, alawa, lemun kwalba mai sanyi. Ku duba jerin nan da kyau, duk mai ne da suga da gishiri. Da a ce jiki na kiran abin da ya rasa da sunansa, da wake da zogale da hanta za mu riƙa mafarki, tunda su ne suka fi ƙaranci a kwanonmu.

Yawancin kwaɗayi daga sabo yake tasowa. Ƙwaƙwalwa tana riƙe daɗin da ta taɓa ji, sai ƙamshi ko gani ya tuno mata. Rashin barci, damuwa, gajiya da gabatowar al'ada duk suna ƙara masa ƙarfi. Mun san wannan da azumi: da la'asar mace ta lissafa abu goma da za ta ci, ana shan ruwa da kunu rabinsu sun fita daga ranta.

Abin da mutum ke kwaɗayi ma yana bin garinsu. A Amurka cakulan ne kan gaba wajen mata. A Masar da aka yi irin wannan tambaya, kaɗan ne suka ambaci cakulan, abinci mai gishiri suka fi kira. A Japan har shinkafa mata ke kwaɗayi. Jikin mace ɗaya ne a ko'ina, abin da aka saba ci ne ya bambanta.

Shi kuwa ciki yana sauya hanci da harshe, musamman a watanni 3 na farko. Shi ya sa mai laulayi ke gudun ƙamshin miyar da take so da, ta koma neman tsami, ɗanyen mangwaro ko tsamiya, don yana kwantar mata da tashin zuciya. Wannan ba laifi, a ba ta in da hali. In kuma babu, kada hankalinta ya tashi: rashin samun abin kwaɗayi ba ya sa wa jariri tabo ko dalalar miyau.

Inda jiki ke kiran abu da sunansa

Ƙishirwa gaskiya take faɗa, jiki ruwa yake so. Gishiri ma haka yake ga dabba. Ciyawa ba ta da gishiri sosai, shi ya sa makiyaya ke kai garke Ingal a ƙarshen damina, mu ma muke ajiye wa akuya kanwa ta lasa. Amma tukunyarmu ta riga ta sha gishiri da magi da kanwa, ba mu cikin wannan rashi. Yawansu ma shi ne abin tsoro. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego mai zafi sosai na tafiya da ciwon zuciya bayan haihuwa. Mai jego ta sha kununta, amma a sassauta hannu wajen kanwa, balle in tana da hawan jini ko ƙafafunta na kumbura.

Kwaɗayin da ke buga ƙararrawa

Kwaɗayin abin da ba abinci ba, shi ne wanda ba a yi wa shiru. A 2015 masu bincike suka haɗa sakamakon nazari 43 daga ƙasashe daban-daban, suka ga mai cin ƙasa, ƙanƙara ko ɗanyen sitati ta fi wadda ba ta ci yiwuwar samun ƙarancin jini fiye da ninki biyu. Kuma ba mu kaɗai ba ne, ana samun wannan ɗabi'a a kowace nahiya.

A nan gida maganar ta fi nauyi. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 46 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini. Wani binciken da ƙungiyar Helen Keller ta yi tare da Jami'ar Kaliforniya ta Davis a ƙauyukan jihar Damagaram, aka fitar da shi a 2017, ya tarar kusan mata masu ciki 8 cikin 10 da aka auna jininsu bai kai ba. Dalilin ba ɗaya ba ne: akwai rashin sinadarin ƙarfe da ke gina jini, akwai rashin wasu bitamin, ga zazzaɓin sauro, ga tsutsar ciki, ga haihuwa kusa da kusa.

Ciki kansa na cin jini. Yawan jinin mai ciki na ƙaruwa da kusan rabi, kuma daga farkon ciki zuwa haihuwa tana bukatar kimanin miligiram 1000 na sinadarin ƙarfe don ita da jaririn da mabiyiya. Wadda ta shiga ciki da ɗan abin da bai kai ba, nan da nan take ƙarewa.

To, me ya sa ba za a bar ta ta ci ƙasar ba, tunda jiki ya nema? Saboda abin da take kwaɗayin ba shi ne maganin ba. Ƙanƙara ruwa ce kawai, ba ƙarfe ko ɗigo a cikinta, amma likitoci sun daɗe da ganin cewa in aka ba mai taunar ƙanƙara maganin ƙarin jini, sau da yawa kwaɗayin na gushewa cikin 'yan kwanaki ko satuttuka. Farar ƙasa kuwa tana shafe cikin hanji, shi ya sa mai ci ke jin tashin zuciya ya lafa. Sai dai tana iya kama ƙarfen da ke cikin abinci da na magani ta fita da shi. Tana ƙulle ciki, tana iya ɗauke da ƙwan tsutsa, kuma hukumomin kula da abinci a Ingila da Amurka sun yi gargaɗi kan irin ƙasar da ake kai musu daga Afirka ta Yamma bayan sun samu gubar dalma a cikinta.

Abin yi

Na farko, awo. A gaya wa ungozomar likita gaskiya, ba kunya: "Ina cin ƙasa." A nemi awon jini. Ga mai ciki, in ya gaza giram 11 akwai ƙarancin jini, in ya gaza 7 ya yi tsanani, sai babban asibiti. Jiri, haki bayan ɗan aiki, bugun zuciya, farin cikin ido da na tafin hannu, duk alamu ne da ba a jira da su. Mace mai ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ranar haihuwa ita tana iya kayar da ita.

Na biyu, ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha kullum har ta haihu. Tana baƙanta bayan gida, wannan ba komai ba ne. In tana tayar da zuciya, a sha da dare bayan abinci maimakon a jefa ta ƙarƙashin katifa. A karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da na tsutsa in an bayar, a kwana cikin gidan sauro.

Na uku, kwano. Hanta, nama ko kaɗan ne, kifi, fara, wake, awara, ƙuli-ƙuli, zogale, rama, tafasa. A haɗa da lemun tsami, tumatir, gwaiba ko garin ɗan kuka, don suna taimaka wa jiki ya ja ƙarfen da ke cikin ganye da wake. Shayi kuwa yana tare shi, a bar shi sai awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci.

Rabon ƙungiya

Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, ƙarfinmu shi ne muna haɗuwa kowane sati, mun san halin juna. Likita na ganin mai ciki sau kaɗan, mu muna ganinta kullum. Mu ne za mu fara lura ta yi fari, ko ta daina iya ɗaukar tulun da take ɗauka.

A yi lissafi ma. A ce mace na kashe dala goma a rana kan farar ƙasa ko ƙanƙara, a wata ya zama jika ɗaya da rabi. Kuɗin nan in ya koma hanta ko fara sau biyu a sati, ya yi aiki.

Shugaba na iya ware minti biyar bayan an rufe akwati ta tambayi masu ciki ko sun je awo, ko ƙwayarsu ta ƙare. Asusun taimako ya ɗauki kuɗin mota da na awon jini ga wadda ba ta da shi. Da kaka, lokacin da wake ke araha, ƙungiya ta saya ta ajiye, a shanya zogale a inuwa don rani. In maigida ko uwar miji ne ke cewa a ƙyale ta, a tura dattijuwar da suke jin nauyinta ta yi musu bayani.

Kuma kada a yi wa kowa dariya ko gori. An ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma wadda ke cin ƙasa ba rashin kamun kai ke damunta ba, kuma wadda aka kunyata sai ta ƙara ɓoyewa. Duk wadda ta ga ƙulli a bakin zanen 'yar uwarta, ta ja ta gefe ta ce, "Gobe ranar awo ce, shirya in raka ki." Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa.