Mainama Ba Ya Cike Giɓin Gado

Makon jiya, a wani zaman makoki a unguwar Tahaggart da ke Tamanrasset, na ji maganar da ta hana ni barci. Mamacin bai kai hamsin ba, zuciya ce ta buga. Haka wansa ya tafi, haka mahaifinsu. Likita ya gaya wa iyalin cewa akwai wani furotin da jikinsu ba ya yin isasshe, kuma gado ne. Kafin a yi sadakar uku wani dattijo ya yanke hukunci: "To a ƙara wa yaran nama mana! Raƙuma sun ƙare a Tamanrasset ne?"

Baba, da girmanka, wannan shawara kabari take haƙa wa yaran.

Furotin ɗin da likita yake nufi ba shi ne na cikin tukunya ba. Hanta ce ke ƙera shi da kanta, aikinsa kama maiƙon kolestarol daga jini. Wanda ya gaji naƙasar, masu kamun nasa kusan rabi ne, sai maiƙon ya yi ta taruwa a jijiyoyin zuciya tun yana goye. Michael Brown da Joseph Goldstein na Dallas a Amurka ne suka gano wannan, har aka ba su kyautar Nobel a 1985. Kusan mutum 1 cikin 250 na ɗauke da wannan naƙasa, kuma kowane ɗa da mai ita ya haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira.

To ta ina nama zai gyara wannan? Abin da ka ci, ciki ne ke niƙe shi, ba ya tashi ya je hanta ya zama abin da ba a halicce ka da shi ba. Ka zauna gaban mai gashi ka share gasasshen naman nan mainama har da kitsen da ke ɗiga a takarda, ka bi da man shanu, kaya kawai ka ƙara wa jakin da ya riga ya durƙusa. Kuma a daina cewa "ai siriri ne." Mamacin nan kamar sanda yake. Masu cewa sammu ne, su ma Allah ya shirye su. Taba, hawan jini da ciwon suga ma na cutar da zuciya, amma nasu aikin daban.

Gidan da namiji ya faɗi da zuciya kafin 55, ko mace kafin 60, kowa ya je a auna masa kolestarol, har yara 'yan shekara goma. Ku shafa agararku, ku duba bayan yatsu, ko akwai ƙulluttai masu tauri. Ku duba fatar ido ko akwai tabo rawaya-rawaya. In likita ya rubuta ƙwayar sitatin, ba a barinta don an ji sauƙi, sai mai ciki ko mai shayarwa, ita ma da saninsa. Masu auren zumunci kuwa su auna kafin a sa rana, don yaron da ya gada ta uwa da uba, zuciyarsa na iya bugawa bai kai ashirin ba.