Iyafis Mai Tsada da Hukuncin Ramin Kunne

Da wuya a zamanin nan mutum ya shiga mota ko ya ratsa kasuwa bai ga saurayi da waya rataye daga kunnuwansa ba, yana sauraron karatu ko labarai ko waƙa. Amma abin da galibin jama'a ba su sani ba shi ne, wannan ɗan abu da muke kira iyafis, wanda ake saye da kuɗi ƙalilan a jefar ranar da ya daina magana, yana da dangi waɗanda kuɗinsu ya kai dala 1,000, wasu ma har 3,000, kuma akwai mutane masu cikakken hankali da ke biyan wannan kuɗi ba tare da nadama ba. Ya kamata a san abin da suke saye, a kuma san dalilin da ya sa wani zai biya wannan dukiya ya sa a kunne ya ji babu wani abin a zo a gani.

Asalin irin wannan iyafis, wanda ake cusawa cikin ramin kunne ya toshe shi, daga dandamalin mawaƙa ya fito. A da, mawaƙin da ke gaban dubban jama'a yakan ji muryarsa ne daga lasifikar da aka ajiye a ƙasa tana fuskantarsa, kuma da yake hayaniyar taro da ƙarar sauran kayan kiɗa suna danne ta, sai a yi ta ƙara mata ƙarfi har kunnuwa su cutu. A shekarar 1991 kamfanin Etymotic na Amurka, wanda Mead Killion ya kafa, ya fitar da ER-4 mai shiga can cikin kunne. A 1995 kuma wani injiniyan sauti mai suna Jerry Harvey ya ƙera wa Alex Van Halen, makaɗin gangar ƙungiyar Van Halen, wani na musamman mai lasifika biyu a kowane ɓangare, domin ya riƙa jin abokan kiɗansa. Daga wannan aiki aka sami kamfanin Ultimate Ears, wanda Logitech ya saye a 2008. Abin da aka yi domin larurar sana'a, sannu a hankali ya zama abin sha'awar masu sauraro a gida.

Lasifikar da ke cikinsa galibi iri biyu ce. Ta farko ƙaramar 'yar'uwar lasifikar rediyo ce: tantani siriri da naɗin waya da maganaɗisu, tana tura iska da yawa, saboda haka amonta mai kauri yakan fito da nauyi. Ta biyu an aro ta ne daga na'urar taimaka wa masu raunin ji, wato wani ɗan harshen ƙarfe da aka daidaita tsakanin maganaɗisu biyu, yana girgiza yana motsa tantani. Kamfanonin Knowles na Amurka da Sonion na Denmak su ne suka shahara da ƙera ta. Saboda ƙanƙantarta ana iya jera da yawa a kwanso ɗaya a raba musu aiki, wannan ta ɗauki amo mai kauri, waccan ta ɗauki murya, wata ta ɗauki siririn amo, har kamfanin 64 Audio ya kai ga jera 18 a kunne guda. Amma kada yawan adadi ya ruɗi mai karatu, domin kamfanin Sennheiser na Jamus ya fitar da IE 900 a 2021 da lasifika ɗaya tak mai faɗin milimita 7, ya sa mata kuɗi kimanin dala 1,300, kuma ba ta kasa a idon masana ba. Gwanintar daidaitawa ita ce abin lura, adadi kuwa ado ne na talla.

To, a nan ne mas'alar take, kuma a nan nake so a tsaya a yi nazari. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa idan sharaɗi ya faɗi, abin da aka sharɗanta shi ma ya faɗi. Sharaɗin wannan na'ura kuwa shi ne ta toshe ramin kunne sarai, ba tare da kafar da iska za ta fita ba. Dalili shi ne, lasifika ƙarama haka ba ta da ikon girgiza iskar ɗaki, iyakar ikonta ta matsa 'yar iskar da ke kulle tsakaninta da dodon kunne. Muddin aka sami 'yar kafa, ko da ido ba ya ganinta, sai matsin ya zurare, amon ganga da duk wani sauti mai kauri ya ɓace, a bar mutum da ƙara mai kaifi marar daɗi, ya tashi yana zargin kamfani da ha'inci alhali kuwa 'yar robar da ke bakin na'urar ce ba ta dace da shi ba. Wannan roba, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ita ke hukunta na'urar dala dubu.

Bayan wannan akwai wata hikima a cikin halittar kunne. Ramin kunnen baligi tsawonsa kimanin santimita 2.5 ne, ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa biyu, kuma idan yana buɗe yakan ƙarfafa sautin da ke girgiza kusan sau 3,000 a daƙiƙa, wanda yake daga cikin yankin da ke bayyana furucin ɗan Adam. Da zarar an toshe shi sai wannan ƙari ya gushe, ya zama wajibi ga maƙeri ya mayar da shi da dabara. Idan ya rage, murya ta fito a dusashe, idan ya zarce, ta fito tana suka. Sa'an nan ramin da aka toshe yakan haifar da wani tozo na daban wajen girgiza 7,000 zuwa 9,000, wanda wurinsa ke sauyawa gwargwadon zurfin da aka cusa na'urar. Tunda kuwa Allah bai halicci ramuka biyu iri ɗaya ba, har kunnen dama da na hagu na mutum guda sukan saɓa, sai ka ga abokai biyu sun gwada iyafis ɗaya, wannan ya ce harafin sin yana huda masa kai, wancan ya rantse bai ji komai ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman sun shafe shekaru suna gwada masu sauraro domin su gano daidaiton da akasarin mutane suka fi so, maƙera da yawa kuma sun bi mizaninsu, musamman na ƙasar Sin irin su Moondrop waɗanda suka sauko da farashi ƙwarai. Amma ra'ayin akasari ba ijma'i ba ne, kunnenka yana iya kasancewa cikin masu saɓawa.

Maganin da mawaƙa suka zaɓa shi ne a zuba musu nasu. Masanin ji yakan sa ɗan soso ya kare dodon kunne, ya ɗura silikon mai laushi har ya daskare ya ɗauki siffar ramin, a aika wa kamfani ya ƙera kwanso a kan wannan siffa. Sau da yawa akan sa mutum ya ciji wani abu bakinsa a buɗe yayin ɗurawar, saboda motsin muƙamuƙi yana sauya faɗin ramin, mai rera waƙa kuwa ba ya rufe baki. Irin wannan yakan rage hayaniyar waje da kimanin desibel 25. Illarsa ita ce wanda ya rame ko ya yi ƙiba sosai yana iya tarar da shi ya daina zama daidai.

Game da wayoyin azurfa da na zinariya da ake sayarwa da tsada da da'awar suna gyara sauti, ra'ayina shi ne israfi ne, in ban da ƙarko da kyan gani.

Babbar fa'idar toshewa, wadda ta fi daɗin sauti muhimmanci, ita ce kiyaye ji, domin wanda hayaniyar titi ba ta shiga kunnensa ba shi da buƙatar ƙara murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na awa 40 a mako, idan kuwa aka kai desibel 90 sai lokacin ya dawo awa 4 kacal, kuma ƙananan gasun da ke can cikin kunne masu karɓar sauti idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Sai dai toshewar da ke kare kunne ita ce kuma ke hana jin hon, don haka bai dace da mai tuƙa babur ko mai tsallaka titi ba.

Wanda ya yi niyyar saye, ya fara da gwada robobi manya da matsakaita da ƙanana, da na soso, kowane kunne da nasa, yana jan saman kunnen sama da baya yayin sawa. Alamar toshewa ita ce ya ji muryarsa ta yi kauri a cikin kansa. Sa'an nan ya saurari muryar da ya sani ƙwarai, kamar tilawar wani gwani da ya daɗe yana bi, ya lura ko sin da sadi suna rarrabuwa ba tare da kaifi ba, ko gunna tana fitowa a cike. Ya bar shi a kunne aƙalla awa ɗaya, domin ciwon matsi ba ya bayyana a mintunan farko, ya kuma riƙa share dauɗar kunne daga bakinsa, tunda ita ce ke yawan sa ɓangare ɗaya ya yi rauni. Na zubi kuwa kada ka saye shi a hannun wani komai araharsa, domin a kan kunnen mai shi aka ƙera shi.