Damisa a karkarar Birtaniya: me aka kama, me aka gani?

Shekara da shekaru mutanen karkarar Birtaniya na rantsuwa cewa sun hangi baƙar damisa tana ratsa makiyaya da almuru. Labarin ya fi ƙarfi a tsaunukan Eksmo da Bodmin, a kudu maso yammacin Ingila. Magana biyu ce aka cuɗa wuri guda, kuma sai an raba su za a gane bakin zaren. Ta farko ita ce namun dawa kan kuɓuce daga hannun masu kiwonsu su shiga daji. Wannan gaskiya ne. Ta biyu ita ce sun yi gida, suna hayayyafa a ɓoye. Wannan kam har yau ba ta da hujja.

Masu cewa duk tatsuniya ce sun yi gaggawa. A 1980 wani manomi a Kannik, a arewacin Sukotland, ya kafa keji ya kama fuma, wato zakin dutse na nahiyar Amurka. An sa mata suna Felisiti, kuma da ganin yadda ta saba da mutane an gane rainon gida ce. A 2001 an kama wata babbar kyanwar daji mai tukkun kunne, wadda ake kira linkis, a wata unguwa ta arewacin Landan. A Janairun 2025 ma an saki irinta huɗu ba bisa doka ba a tsaunukan Sukotland, aka kame su cikin 'yan kwanaki. Asalin abin ba ɓoyayye ba ne: kafin dokar 1976 da ta wajabta lasisi, mai kuɗi na iya ajiye damisa a bayan gidansa, kuma ana zargin wasu sun saki nasu don gudun ɗawainiya.

Sai dai damisa ba ta cika kai shekara 20 a daji ba. Duk wadda aka saki a 1976 ta daɗe da zama ƙasa. In har yau akwai su, to sun haihu, kuma haihuwa na barin shaida: 'ya'ya, maɓoya, mushe a bakin titi. A nan ne maganar ke rushewa. A 1983 tumaki sun yi ta mutuwa a Eksmo har aka tura sojojin ruwa da bindigogi, ba su dawo da komai ba. A 1995 ma'aikatar noma ta binciki Bodmin, ba ta sami tabbataccen dalili ba. Jim kaɗan bayan haka wani yaro ya tsinci ƙoƙon kan damisa a kogi, mutane suka ce ga shi nan. Gidan tarihin halittu na Landan ya duba, ya gano daga buzun ado aka yanke shi, har da kwanson ƙwan kyankyason ƙasashe masu zafi a ciki.

Za a ce damisa ƙi-sabo ce, ta iya ɓuya. Haka ne, amma ba ta iya ɓuyar wa mota ba. A Fulorida ta Amurka fumar da ta rage ba ta wuce 250 ba, duk da haka motoci na kashe fiye da 10 kowace shekara. Birtaniya, mai tituna kamar saƙar gizo da kyamarorin daji barkatai, ba ta samar da irin waɗannan gawarwaki ba.

Za a kuma ce ruwa ba ya tsami banza, dubban mutane ba za su haɗu kan ƙarya ba. Ban ɗauke su maƙaryata ba, kuma manomin da ya wayi gari ya tarar da tumakinsa a yayyage ya cancanci a saurare shi, ko da yake sau da yawa karnuka ne ke wannan ɓarna. Matsalar ta ido ce: a fili fetal, ba itace ba shinge, da wuya a auna girman dabba daga nesa. Zakin da aka ce an gani har ya tayar da 'yan sandan yankin Eseks na Ingila da jirgi mai saukar ungulu a 2012 ba a same shi ba, wata mata kuma ta ce ƙaton muzurunta ne aka hango. Launin ma abin lura ne: yawancin masu ba da labari baƙa suke cewa, alhali baƙar damisa ba ta da yawa a duniya, baƙar fuma kuwa ba a taɓa tabbatar da ita ba. Baƙaƙen kuliyoyi da karnuka kuwa sun cika ƙauyukan ƙasar.