Bugun Ƙwaƙwalwa da Shawarar Tsakar Dare

Duk mai zuwa awon ciki ta saba da jin bugun zuciyar ɗan da ke cikinta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ita ma ƙwaƙwalwa tana da nata bugun, kuma sanin haka zai amfani mai ciki da maigidanta, musamman idan wata ya kama.

Wanda ya fara gano wannan bugu wani likita ne Bajamushe mai suna Hans Berger, na Jami'ar Yena. A shekarar 1924 ya yi nasarar ɗaukar ɗan ƙaramin lantarkin da ƙwaƙwalwar mutum ke fitarwa. Mutum ne mai yawan taka-tsantsan, don haka ya yi shekara 5 yana maimaita gwajin, sau da yawa a kan ɗansa Klaus da shi kansa, kafin ya buga sakamakon a 1929. Duk da haka masana suka yi biris da shi, sai a 1934 da Edgar Adrian da Brian Matthews suka tabbatar da maganarsa a Ingila.

Berger ya lura cewa idan mutum ya zauna shiru ya rufe ido, lantarkin yakan hau ya sauka kamar sau 10 a kowane sakan. Ya sa masa suna alfa. Da zarar an buɗe ido, ko an ba mutum lissafi ya yi a ka, sai wannan bugu ya ɓace, wani ƙarami mai sauri ya maye gurbinsa. Ke nan ana iya ganin mai da hankali a kan takarda. Wannan awo shi ne EEG da ake yi wa masu farfaɗiya har yau. Ba a sa wa mutum lantarki a ka, na'urar ɗauka kawai take yi, saboda haka idan likita ya rubuta wa mai ciki shi, kada ta ji tsoro.

Masana sun ci gaba daga inda ya tsaya. A 2018 Sabine Kastner da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa hankali ba ya tsayawa cak a kan abu ɗaya, yana ƙaruwa yana raguwa kamar sau 4 a sakan, ko ga lafiyayyen da ya ƙoshi da barci. To ina ga wanda bai runtsa ba? A barci mai nauyi bugun yakan koma a hankali ƙwarai, kuma idan an hana ƙwaƙwalwa wannan hutu, sai ta riƙa satarsa ido biyu: mutum yana zaune, ana yi masa magana, amma ya tafi na 'yan sakan bai sani ba. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, aikinsa yakan lalace kamar na wanda ya ɗan sha giya.

Yanzu ki duba halin da gida ke ciki ranar naƙuda. Kin yi makonni barci bai ishe ki ba saboda yawan fitsari da ciwon baya, maigida ya wuni wurin nema, ga shi kuma naƙuda ta fi zuwa da dare. A wannan hali ne ake so a yanke shawarar da rai biyu suka rataya a kanta. Tun 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka bayyana jinkiri iri 3 da ke kashe mata masu haihuwa, kuma na farkonsu a cikin gida yake faruwa, wato jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti. Gajiyayyen mutum yakan zaɓi abin da ya fi sauƙi, kuma da ƙarfe 2 na dare babu abin da ya fi "bari gari ya waye" sauƙi.

Shi ya sa muke roƙon iyalai su gama shawara da rana, tun ciki yana wata 7. A tsai da asibitin da za a je, da mai motar da zai amsa waya cikin dare, da kuɗin da aka ajiye, da ɗan'uwan da zai ba da jini. Maigida ya ba da izini tun yanzu, a gaban uwar miji, cewa ko ba ya nan a kama hanya. A kuma amince cewa akwai alamun da ba a muhawara a kansu: zubar jini, ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, jijjiga, fashewar faya, raguwar motsin ɗa, da naƙudar da ta wuce awa 12.

Ke kuma ki nemi barcin rana ba tare da jin kunya ba, kuma daga mako na 28 ki riƙa kwanciya ta gefe, ba rigingine ba. Ranar awonki mai zuwa ki zo da maigida ko wadda za ta raka ki haihuwa, ungozoma ta rubuta muku shirin a katinki.