Ƙera Ƙaramin Jirgin Sama A Gida: Nauyi Shi Ne Alƙali

Tun da labari ya bazu cewa ina harhaɗa jirgin sama a garejin gidana, tambayoyi biyu nake yawan samu daga jama'armu na nan Amurka da ma na Ingila. Ta farko, shin hukuma ta yarda mutum ya ƙera jirgi da hannunsa ya hau? Ta biyu, me ya sa na zaɓi irin na da, mai fiffike hawa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa? Amsar duka biyun tana komawa ne ga abu guda, wato nauyi, kuma shi zan yi ƙoƙarin bayyanawa gwargwadon abin da na sani a matsayina na injiniya.

Na sami lasisin tuƙin ƙananan jirage tun ina ɗalibi a jami'a a nan ƙasar. Daga baya hidimar iyali da kuɗin makarantar yara suka sa na jingine abin fiye da shekara 20. Da yara suka kama gabansu na waiwayo, sai na tarar kuɗin hayar jirgi ya yi tashin gwauron zabo. Wannan ne ya kai ni ga jirage marasa nauyi na mutum ɗaya, waɗanda ake hawa don nishaɗi kawai.

Abin da doka ta ce

A shekarar 1982 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta fitar da sashe na 103 na dokokinta. Sashen ya ce jirgin da ya cika wasu sharuɗɗa ba ya buƙatar rajista, ba ya buƙatar sufeto ya duba shi, kuma matuƙinsa ba ya buƙatar lasisi ko takardar likita. Sharuɗɗan su ne: kujera ɗaya tak, nauyinsa ba mai ba matuƙi ya gaza laba 254, wato kimanin kilo 115, tankinsa kada ya wuce galan 5, kusan lita 19, gudunsa kada ya wuce mil 63 a awa, kuma ya iya rage gudu har zuwa mil 28 a awa ba tare da fiffiken ya daina ɗaukarsa ba. Da rana kaɗai ake tashi da shi, kuma ba a bi ta kan gari ko taron jama'a. Idan aka sa masa lemar ceto, irin wadda ke saukar da jirgin gaba ɗaya, ana yafe nauyinta har laba 24.

In jirgi ya haura wannan iyaka ko da laba ɗaya ne, to ya fita daga wannan aji. Sai an yi masa rajista da lamba, sufeto ya duba, mai shi kuma ya mallaki lasisi. 'Yan uwa na Ingila su lura cewa dokarsu daban ce: can jirgi mai wannan nauyi sai da rajista, matuƙin kuma sai da lasisi.

Me ya sa fiffike hawa biyu?

Jirgin da zai iya tafiya a hankali haka ba tare da ya faɗo ba yana buƙatar fiffike mai faɗi sosai. Da na haɗa nauyin jirgin da na mai da nawa, lissafi ya ba ni kusan murabba'in mita 14. In fiffike ɗaya za a yi, tsawonsa daga wannan baki zuwa wancan zai kai mita 10, kuma azarar da ke cikinsa sai ta yi kauri kafin ta jure lanƙwasa. Kauri kuwa nauyi ne.

Amma in aka raba faɗin nan gida biyu, aka ɗora ɗaya bisa ɗaya da ratar kamar mita guda, aka tokare su da sanduna, aka ɗaure da wayoyin ƙarfe a gicciye, sai su zama kamar gadar jirgin ƙasa. Duk wanda ya karanta injiniyanci ya san cewa gwargwadon zurfin gada, gwargwadon raguwar wahalar da kowane ƙarfe nata ke sha. Saboda haka siririyar azara ta wadatar. Ba banza ba wanda ya daidaita wannan tsari, Octave Chanute, injiniyan gadojin jirgin ƙasa ne. A 1896 ya gwada shi a kan tuddan yashi na bakin tafkin Michigan da jirgi marar inji, kuma a kan tsarinsa ne 'yan uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka gina jirgin da suka tashi da shi ranar 17 ga Disamba, 1903. Jirage uku na sojan saman Ingila da suka fara sauka a Kano a 1925 su ma masu hawa biyu ne. Haka nan jirgin da John Moody ya ɗaura wa ƙaramin inji a jihar Wisconsin a 1975, wanda daga gare shi wannan wasa ya samo asali.

Aibin tsarin shi ne sanduna da wayoyi suna turjewa iska, shi ya sa jiragen fasinja suka yi watsi da shi tuntuni. To amma mu da doka ta hana wuce mil 63, wannan turjiya ba asara ba ce, hasali ma tana taimaka mana mu tsaya cikin iyaka. Ga kuma wani amfani: fukafukan guda huɗu ne, kowanne bai fi mita uku da 'yan kai ba, don haka garejin mota biyu ya ishi aikin.

Kayan aiki da sikeli

Inji da salansa da farfela kan cinye kwata zuwa sulusin laba 254 ɗin nan. Yawanci ana amfani da inji irin na tsohon babur, mai shan fetur gauraye da baƙin mai, domin ya fi bayar da ƙarfi a ƙaramin nauyi. Akwai Hirth na Jamus mai ƙarfin doki 28, akwai kuma Rotax 447 na Ostiriya mai ƙarfin doki 40, wanda aka daina ƙerawa, sai dai na hannu.

Fukafukaina na katako ne, wani iri da ake kira Sitka mai fitowa daga gaɓar arewa maso yammacin Amurka da Kanada. Ba kowane falanki ake karɓa ba. Sai an ƙirga zoben shekara aƙalla shida a kowane inci, kuma jijiyar katakon kada ta karkace fiye da inci ɗaya a cikin 15. Duk ranar da na dama gam, nakan manne wasu guntaye biyu in ajiye, in sun bushe in karya su da guduma. Katakon ya kamata ya tsage, ba wurin gam ɗin ba. Noti da kusoshi kuwa na jirgi ake saya, masu lamba. Na shagon kayan gini ba su da wuri a nan, ko da kamanninsu ɗaya.

Bayan ƙwarangwal sai sutura. Ana lulluɓe shi da yadin Dacron, a bi shi da dutsen guga har ya ɗame kamar fatar ganga. Dole a auna zafin dutsen, domin in ya yi yawa yadin zai ja har ya tanƙwara haƙarƙarin fiffiken. Sannan a shafa abin kare shi daga rana. A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, domin fenti mai sheƙi kaɗai kan iya ƙara laba goma ko fiye. Ni ina da littafi, duk abin da zai shiga jirgin sai ya hau sikeli an rubuta.

In an gama, ana ɗora kowace ƙafa a kan sikelinta don a gano cibiyar nauyi. Jirgin da hancinsa ya yi nauyi yana da wuyar sauka. Wanda wutsiyarsa ta yi nauyi kuwa yana iya ƙin jin linzami gaba ɗaya, kuma shi ne mai kisa.

Tsohon lasisi ba ya isa

A Amurka lasisin tuƙi ba ya mutuwa, sai dai wanda zai yi aiki da shi dole malami ya sake gwada shi duk wata 24. Sashe na 103 bai tilasta ko wannan ba, kuma a ganina nan ne haɗarin yake. Wanda ya koyi tuƙi a Cessna ya saba da jirgin da ke da nauyin da zai ci gaba da tura shi. Wannan kuwa da an rage wuta gudunsa ke zubewa nan take, sai an yi maza an sunkuyar da hanci. Iskar da babban jirgi ba zai ji ba tana wasa da shi kamar ganye, shi ya sa da sassafe ko da la'asar sakaliya ake tashi. Ƙafarsa ta uku a wutsiya take, don haka a ƙasa yana son ya juya ya dubi inda ya fito in ba a riƙe shi da ƙafafu ba. Injin kuma yana iya ɗaukewa ba sallama, saboda haka kullum ana tafiya ne ido na kan filin da za a iya sauka.

Tunda kujera ɗaya ce, babu malamin da zai zauna kusa da kai ranar farko. Abin da na yi shi ne na koma ɗalibi a tsohon jirgin Piper Cub mai kujera biyu, wanda shi ma ƙafarsa a wutsiya take, kuma zan ci gaba har ranar da nawa zai tashi.

Shawara ga mai sha'awa

Akwai ƙungiyar masu ƙera jirage a gida, EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953. Tana da rassa a garuruwa da yawa, kuma tana da dattawan da ke zuwa har gida su duba aikinka kyauta. Na kira ɗaya ya duba fukafukaina kafin in rufe su, domin abin da yadi ya rufe ido ba ya sake gani. Babban taronsu a Oshkosh ake yi duk ƙarshen watan Yuli, kuma akwai fili na musamman na waɗannan ƙananan jirage. Wanda ke da ɗa ko 'ya mai son injiniyanci ya daure ya kai su.

Kada kowa ya fara da zanen kansa. A sayi zanen da wasu suka riga suka gina suka tashi da shi, a bi shi sau da ƙafa. A kuma shawarci uwargida tun kafin a sayi katako, domin aikin na shekaru ne, kuma motarta ce za ta kwana a waje lokacin ƙanƙara. Ni dai yanzu fukafukai huɗu sun kammala, gangar jikin ta tsaya da ƙafafunta, kuma littafina ya nuna ina da sauran laba tara a hannu kafin fenti. In an yi awo na ƙarshe zan sanar da ku yadda ta kaya. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya.