Ko ka sani? Daga ɓawon kifi ƙyallin kwalliya ya samo asali

Hodar nan mai ƙyalli da masu kwalliya ke goga wa amarya a saman kunci da karan hanci, wadda suke kira hailaita, yanzu ba sai an shiga babban kanti ba, ko a teburin mai kayan koli ana samun ta da 'yan kuɗi kaɗan. Amma kafin ta yi arha haka, kifi ne ya daɗe yana biyan kuɗin wannan ƙyalli da ransa. Kusan shekara ɗari uku, in ana son maɓalli ko dutsen wuya ya yi sheƙi irin na lu'ulu'u, sai an kankare ɓawon kifi.

A birnin Faris abin ya faro, cikin ƙarni na 17. Ana ba da labarin wani mai sana'ar yin carbi, Jacquin, wanda ya lura cewa ruwan da aka wanke wasu 'yan ƙananan kifin kogi a ciki yana walƙiya kamar an narka azurfa. Wani da zubarwa zai yi. Shi kuwa sai ya tace ruwan, ya tara abin da ya kwanta a ƙasa, ya shafe cikin 'yan ƙwallayen gilashi masu rami da shi, sannan ya cika su da kakin zuma. Sai ga lu'ulu'un jabu da ke ruɗar ido, matan Turai suka yi ta rububinsa. Dubban kifi ake kankarewa kafin a tara abin da zai cika 'yar kwalba.

Ni dai abin da ya fi ɗaure min kai shi ne babu ko ƙwayar azurfa a jikin kifin, babu kuma wani farin launi. Wasu 'yan falle-fallen ƙwayoyi ne na sinadarin guwanin, kowanne garai-garai, haske na ratsa shi, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. An jera su hawa-hawa a fatar kifin, tsakanin kowane biyu akwai ɗan ruwan jiki. Haske in ya sauka, falle na farko ya mayar da kaɗan ya bar saura ya wuce, na biyu ma haka, na uku ma haka, har hasken da ya dawo ya taru ya zama madubi. Shi ya sa sheƙin yake zama kamar daga can ciki yake fitowa. Guwanin ɗin nan kuma yana jikinka, domin yana cikin sinadarai huɗu da aka rubuta ƙwayar halittar gado da su.

Kifi ba don gayu yake ƙyalli ba. A tsakiyar teku babu ciyawa, babu dutsen da za a laɓe, sai ya mai da gefensa madubi. Babban kifin da ya taho farauta, ruwan da ke kewaye kawai zai gani. Wato abin da amarya ke shafawa don a hango ta daga ƙofar zaure, kifi ɓuya yake yi da shi.

Na taɓa tsayawa a kan wata ƙanwata tana gyaran kifin ƙanƙara, irin wanda 'yan kasuwa ke kira shawa. Da ta gama, na karkata robar wajen rana, na juya ruwan da yatsa. Sai ga wani farin gajimare yana murɗawa a ciki, ya haska ya dushe, ya sake haskawa. Bayan hannunta ma duk ya yi sheƙi. Ta ce, "Yaya, ƙarni fa kake ta shaƙa." Irin wannan kifi ne kamfanin Mearl, da aka kafa a 1933, ya riƙa sayen ɓawonsa a garin Eastport na jihar Maine a Amurka, inda masana'antun kifin gwangwani suke a lokacin. Abin da a da shara ne sai ya zama kuɗi, ya shiga jan farce da jan baki da man wanke gashi.

Ba kifi kaɗai ke da wannan baiwa ba. A 2015 masana a Jami'ar Janeba suka nuna cewa hawainiyar Madagaska tana sauya launi ne ta hanyar matse ko buɗa tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin guwanin na fatarta. Idon kada da ke yin ja in an haska shi da tocila cikin dare, shi ma da madubin guwanin a bayansa. Akwai ma wata kawar teku mai idanu har wajen 200, kowane ido da ɗan madubinsa da aka shimfiɗa da ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, a jere tsaf.

To me ya karya farashin ƙyallin kwalliya? Dutse ne. A shekarun 1960 aka gano yadda za a niƙa maika, dutsen nan mai ɓarewa falle-falle, a lulluɓe kowane ɗan falle da farin sinadarin titaniyam. Kaurin lulluɓin shi ke yanke launi: mafi siriri ya ba da azurfa, a ƙara kaɗan ya koma zinariya, sai ja, sai shuɗi, sai kore, alhali ba a zuba rini ko ɗigo ba. Haka man inji ke yi in ya malala a kan ruwan kududdufi a garejin kanikawa. In aka lulluɓe da sinadarin tsatsar ƙarfe kuma, sai a sami ruwan tagulla, wanda a ganina ya fi zama a baƙar fata, don farar hailaita takan sa fuska ta yi toka-toka. Girman fallen ma da aikinsa: mai laushi yana ba da sheƙi a kwance, manya su ne masu tartsatsi. Wannan ba sai an dubi kuɗi ba, a goga a bayan hannu a fita rana, za a gani.

Mai son sani ya juya bayan kwalin hodar. In ya ga CI 75170, guwanin ne, kuma da wuya a gan shi a hoda mai arha, don tsada gare shi. CI 77019 shi ne maika, CI 77891 kuwa titaniyam. Maika ɗin ma da nasa tabon. Ana haƙo da yawa daga cikinsa a jihohin Jharkhand da Bihar na Indiya da kudancin Madagaska, inda aka sha samun yara ƙanana suna aiki a ramuka. A 2017 wasu kamfanoni da ƙungiyoyi suka kafa haɗakar Responsible Mica Initiative don bin diddigin inda ake sayowa, wasu kuma suka koma maikan da ake dafawa a masana'anta, wanda ake rubutawa synthetic fluorphlogopite a jerin kayan haɗi.