Ɗan Itacen da Ke Mayar da Tsami Zaƙi

A kurmin kudancin Gana da Togo da Binin da kudancin Najeriya akwai wata 'yar gajeriyar bishiya mai jajayen 'ya'ya, kowanne bai kai dabino girma ba, ƙwallo ɗaya a ciki da ɗan nama kaɗan. In ka tauna shi kaɗai, kusan salam za ka ji shi. Amma ka bari naman ya game harshenka na minti guda, sannan ka yanka lemun tsami ka tsotsa: zaƙi za ka ji har ka nemi ƙari. Tsamiya ma haka. Sai bayan rabin sa'a ko sa'a guda harshe zai dawo yadda yake.

Yarbawa suna ce masa agbayun, da Turanci kuma miracle berry, masana tsirrai suna kiransa Synsepalum dulcificum. Ba ya yi a ƙasar Hausa, domin ruwan sama mai yawa yake so da ƙasa mai tsami, shi ya sa da wuya ka ci karo da shi a kasuwanninmu.

Mutanen kurmi sun daɗe da sanin amfaninsa. A 1725 wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Des Marchais, ya rubuta cewa ya ga mutanen gaɓar teku suna tauna shi kafin cin abinci. Dalili a fili yake: cimarsu ta jiƙaƙƙiyar masara ce mai tsami, bamminsu kuma in ya kwana sai ya yi tsami. Wani likitan sojan Ingila, Daniell, shi ya yi cikakken bayaninsa a 1852, da sunan da Turawa suka riƙe har yau.

Sirrin bai fito ba sai a 1968, lokacin da masana, ciki har da Kenzo Kurihara ɗan Japan, suka ware sinadarin furotin da ke cikin naman, wanda ake kira mirakulin. Shi kansa ba shi da zaƙi. Yana manne wa ƙwayoyin harshe masu jin zaƙi ne, ya lafe. Da zarar tsami ya taɓa shi sai siffarsa ta sauya, ya tayar da ƙwayoyin, su aika wa ƙwaƙwalwa saƙon zaƙi alhali ko ƙwayar sukari ba ta shiga baki ba. Tsamin dai yana nan. Wanda ya zage ya sha lemun tsami da yawa, haƙoransa da cikinsa za su gaya masa.

Da wannan ne wani Ba'amurke, Robert Harvey, ya kafa kamfanin Miralin, da burin samar wa masu ciwon suga zaƙi marar illa. A 1974, ana dab da fitar da kayan kasuwa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce sai an yi masa dogon gwaji irin na sinadaran da ake ƙara wa abinci. Kamfanin ya durƙushe. Sai a 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da busasshen ɗan itacen, bisa buƙatar kamfanin Baïa na ƙasar Sifen, wanda daga Gana yake samo 'ya'yan. A Jami'ar Tsukuba ta Japan kuwa tuni an dasa ƙwayar halittar mirakulin a cikin tumatir. Wannan shi ya fi damuna: ranar da tumatirin Japan ya wadatar da kasuwa, wa zai waiwayi manomin Gana?

Bishiyar kuma ba ta da sauƙin sha'ani. Takan yi shekara 3 zuwa 4 kafin ta fara haihuwa. Ƙwallonta in ya bushe ya mutu, don haka ba a ajiye iri yadda ake ajiye na gero. 'Ya'yan na lalacewa cikin 'yan kwanaki, zafin wuta kuma na kashe sinadarin, sai dai a busar da su da injin sanyi mai tsada. Masana a Jami'ar Abomey-Calavi ta Binin sun duƙufa kan tattara iri da gaggauta haihuwarta. Jami'o'inmu na kudu, inda bishiyar ke tsiro a bayan gida, ya kamata su shiga wannan aiki, su kuma nemi injin busarwa ya zauna kusa da gonakin.